Nantucket: garin da talauci ya adana, dukiya ke rarake shi

A shekarar 1897 aka yi gwanjon wani tsohon injin niƙa da ke kan tudu a bayan garin Nantucket, a jihar Massachusetts ta Amurka. Ba injin gas ba ne irin na bakin kasuwa, iska ce ke juya shi. Shekara biyar ke nan rabonsa da niƙa ko mudu ɗaya na masara, tun da mai shi na ƙarshe, John Francis Sylvia, ɗan asalin tsibiran Azores na Fotugal, ya jingine sana'ar a 1892. Wata mata mai hali daga Boston, Caroline French, ta taya dala 850, aka sallama mata. Ba don kanta ta saya ba. Kyauta ta miƙa shi ga wata ƙaramar ƙungiya da shekararta uku kacal da kafuwa, Ƙungiyar Tarihin Nantucket.

Karo na biyu ke nan da injin ya sha da ƙyar. A 1828, yadda mutanen garin ke ba da labari, an sayar wa wani mutum mai suna Jared Gardner da shi kan dala 20 don ya farfasa ya yi makamashi, saboda tsibirin ba shi da dajin kirki, itace kuwa tsada gare shi. Da ya duba ginshiƙan ya ga da sauran ƙwarinsu, sai ya canza shawara, ya gyara shi, ya koma aiki. Injina huɗu ne jere a kan tudun nan a da. Wannan da aka gina a 1746 shi kaɗai ya saura.

Yau ƙungiyar tana riƙe da gidaje da wuraren tarihi masu yawa a garin, ana kuma kafa misali da ita a Amurka. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai ga ba ita ce ta fara ceton garin ba. Talauci ya riga ta. Ta zo ne ta tarar da abin da babu ya hana a rushe, ta saya lokacin da yake da araha. Jarrabawar gaske sai da kuɗi suka dawo ta taso, kuma har yanzu ba a fita daga cikinta ba.

Yadda aka samu, yadda aka rasa

Nantucket tsibiri ne na yashi, kimanin mil 30 kudu da gaɓar Cape Cod. Mutanen Wampanoag ne 'yan asalinsa. A 1659 wasu Turawan Ingila suka sayi haƙƙin mallakarsa daga hannun wani Bature ɗan'uwansu, Thomas Mayhew, kan fam 30 da huluna biyu, ɗaya tasa ɗaya ta matarsa. Ƙasar ba ta noman a-zo-a-gani ba ce, don haka suka juya ga teku, ga farautar ƙaton kifin nan da ake kira wel. Kifi muke cewa don a ruwa yake, amma haihuwa yake yi, ya shayar, kuma dole ya leƙo sama ya shaƙi iska. Mansa suke so. Kafin kananzir, da man wel ake kunna fitilun tituna a manyan birane, da shi ake yi wa injina bakin mai.

A ƙidayar 1840 mutum 9,012 ne a tsibirin, jiragensu na kewaya duniya, wani ya shekara uku ko huɗu bai dawo gida ba. Akasarin masu jiragen mabiya ɗariƙar Kweka ne, wani reshe na Kiristanci da ke ƙyamar ado da taƙama. Shi ya sa gidajensu ba kwalliya: katako ne, an lulluɓe bango da ƙananan falankai da iskar teku ke mayarwa toka-toka, murhu ɗaya babba a tsakiya yana ɗumama ɗakuna duka.

Sai masifu suka zo a jere, kamar an turo su. Ranar 13 ga Yuli 1846 wuta ta tashi daga wani shagon huluna a babban titi, ta ci kusan sulusin garin. Da ta isa ɗakunan ajiyar mai a bakin tasha, man ya malala kan ruwa yana ci. Tudun yashin da ke bakin tashar kuma ya hana manyan jirage shiga da lodi, ciniki ya koma garin New Bedford da ke babban yankin ƙasa, inda ruwa ke da zurfi, ga kuma layin dogo. A 1849 samari suka kwashe zuwa Kalifoniya neman zinariya. A 1859 aka haƙo man fetur a Pennsylvania, kananzir ya karya kasuwar. Jirgin farauta na ƙarshe ya bar tashar a 1869. Ƙidayar 1870 ta sami mutum 4,123. Zuwa 1900 sun koma wajen 3,000.

Wani hanin ga Allah baiwa ne, in ji masu magana, ko da yake waɗanda suka ga ciyawa na tsirowa a titunansu ba haka suka ɗauke shi ba. A daidai shekarun da sauran garuruwan Amurka ke rushe tsofaffin gidaje suna gina na yayi, a Nantucket babu mai kuɗin rushewa, balle na gini. Gida ya yi yawa, mutum ya yi kaɗan. Ko mota ba a yarda ta shiga garin ba sai 1918. Ta haka gidaje sama da 800 da aka gina kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 suka kawo yau a tsaye.

Abin da ƙungiyar ta saya

A 1894 aka kafa ƙungiyar, kuma mata na cikin waɗanda suka fi tsayawa a kai. Damuwarsu a fili take: baƙi masu zuwa shan iska sun fara sayen tsofaffin kujeru, agogo, littattafan jirage da wasiƙu suna ficewa da su, magada kuma na sayarwa don ba su da zaɓi. Abu na farko da ƙungiyar ta mallaka shi ne ɗakin ibadar 'yan Kweka da ke titin Fair, wanda aka gina a 1838 a matsayin makaranta. Ɗariƙar da ta taɓa cika garin ta ragu har ba ta iya riƙe ɗaki guda. Nan aka fara tara kaya.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce ta 1904. Mutanen da iyayensu suka ga gobarar 1846 da idonsu ba su yarda su bar takardun garin cikin ɗakin katako ba. Suka gina wani na zubin kankare manne da shi, a lokacin da irin wannan gini baƙon abu ne a yankin. Ba shi da kyan gani kamar maƙwabtansa, amma wuta ba ta cinsa. Yau shi ne ɗakin karatu da bincike na ƙungiyar, inda littattafan da matuƙan jirage suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum suke ajiye, wasu da ɗan hatimin hoton wel a gefen shafi, alamar ranar da aka yi kamu.

Shi injin niƙan ya cancanci a tsaya a dube shi. Kusurwa takwas gare shi, tsayinsa ƙafa 50, fukafukansa huɗu kowane ƙafa 30. Fukafukan ƙwarangwal ne na katako, sai an ɗaura musu ƙyallen tamfol kamar na jirgin ruwa kafin su kama iska. Rufin kuwa hula ce mai juyawa. Daga bayanta wani dogon gungume ya sauko har ƙasa, da ƙafar keken doki a ƙarshensa. In iska ta sauya, mai niƙa sai ya sa kafaɗa ya tura gungumen, rufin duka ya juya har fukafukai su fuskance ta. A ciki haƙoran katako ne ke cizon juna suna juya dutsen niƙa na sama a kan na ƙasa. In iska ta yi rauni babu aiki, in ta yi yawa akwai haɗari, don dutse na iya yin zafi, gari kuwa abin kama wuta ne. Ƙungiyar ba ta kulle shi ta rataya allo a ƙofa ba. Ta ci gaba da koya wa mutane sarrafa shi, ana niƙa masara a lokacin baƙi. Injin da ba ya juyawa ruɓewa yake yi ba a sani ba. Wanda ake aiki da shi, ranar da haƙori ya tsage ranar za a ji.

Kurkukun garin, na gungumen itace da aka ɗaure da ƙarfe, mai ɗaki huɗu, an daina sa mutum a ciki a 1933, aka ba ƙungiyar a 1946. Gidan attajirin mai William Hadwen, mai manyan ginshiƙai a babban titi, kyauta aka ba ta a 1963. Akwai ɗan ɗakin ajiye keken kashe gobara na 1886. Kusan duka hanya ɗaya suka bi: amfaninsu ya ƙare, babu mai so, wani ya saya ko ya gada, ya miƙa.

Gidan da ya fi kowane tsufa

A 1686 aka gina wa Jethro Coffin da amaryarsa Mary Gardner gida a kan wani tudu. Auren sulhu ne. Kakan ango, Tristram Coffin, shi ne jagoran waɗanda suka fara sayen tsibirin, masu cikakken kaso. Uban amarya, John Gardner, shi ya jagoranci masu sana'ar hannu da aka gayyato aka ba su rabin kaso, suka ce ba su yarda a mulke su ba. An shekara da shekaru ana ja-in-ja. Da aka tashi haɗa 'ya'ya, dangin amarya suka ba da fili, uban ango ya kawo katako daga injin yankansa da ke New Hampshire.

Ma'auratan shekara ashirin da 'yan kai suka riƙe gidan. A 1708 aka sayar wa Nathaniel Paddack, zuriyarsa ta zauna ciki kimanin shekara 130. Daga baya gidan ya zama kango, har ɗakin ajiyar ciyawar dabbobi aka mayar da shi. Taron zumuncin zuriyar Coffin na 1881 ne ya tuna da shi, ƙungiyar ta karɓe shi a 1923, aka fara babban gyara a 1927 da kuɗin wani ɗan zuriyar.

A nan akwai abin dubawa. Masu gyaran sun zaɓi su mayar da gidan kamannin da suke jin yana da shi a 1686, har da ƙananan tagogi masu gilashi yanka-yanka. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai gidan da aka zauna ciki kusan ƙarni biyu ba fuska ɗaya gare shi ba, kuma duk wanda ya zaɓi shekara guda ya kankare sauran. Sunan waɗanda suka yi shekara ashirin gidan ke amsawa. Waɗanda suka yi ɗari da talatin sai mai tambaya ke jin labarinsu. Ban ce mugunta ba ce. Mai kuɗin gyara da mai suna a gari dangi ɗaya ne, shi ke nan.

Ranar 1 ga Oktoba 1987 aradu ta faɗa wa gidan. Ta kifar da bututun hayaƙin bulo mai alamar kofaton doki da aka san gidan da ita, ta yaye rabin rufi, ta narkar da wayoyin lantarki. Sai da aka shekara biyu ana ɗinki. Wannan karon salon ya bambanta da na 1927: kowane katako da ya tsage an yi ƙoƙarin haɗa shi a mayar gurbinsa maimakon a yanko sabo, aka kuma yi amfani da damar da bango ke buɗe aka yi nazarin yadda magina na farko suka yi aikinsu. Da gidan na wani mutum ne shi kaɗai, kamfanin inshora zai biya, a share fili. Abin da mallakar ƙungiya ke saye ke nan: wanda zai tashi da safe bayan masifa ya ce nawa ne, ya fara bi gida-gida neman gudummawa.

Masana'antar kyandir

Kuɗin riƙe waɗannan wurare ba daga injin niƙa ko kurkuku suke fitowa ba. Uwar garken ita ce gidan tarihin farautar wel da ke titin Broad, kusa da inda jirgin fasinja ke sauke baƙi. Asalinsa masana'antar kyandir ce ta jan bulo, an gina ta a 1847, shekara ɗaya bayan gobara, Hadwen da abokin cinikinsa Nathaniel Barney suka saye ta. Ƙungiyar ta same ta a 1929, ta buɗe a 1930 da tarin kayan farauta da wani mutum, Edward Sanderson, ya ba ta.

A ciki har yanzu matsar mai na nan inda aka kafa ta, wani narkeken gungume mai tsayin bene. Duk wanda ya taɓa ganin ana matse tunkuza a fitar da man gyaɗa ya riga ya gane aikin. Akwai nau'in wel mai ƙaton kai, cikin kan nan cike da wani farin mai. Akan dafa shi, a zuba a ganguna, a bari sanyin hunturu ya daskarar da shi, sannan a ɗura a buhuna a danne. Man da ya fara tsatsowa shi ya fi tsada, don ba ya daskarewa a fitila ko da sanyi. A sake matsewa da bazara, a kuma sakewa da zafi. Abin da ya saura, ƙuli-ƙulin ke nan in ka so, shi ake tacewa a yi kyandir mai haske, ba wari ba hayaƙi. Har a Ingila da irin wannan kyandir aka riƙa auna ƙarfin hasken fitila.

Ranar 1 ga Janairu 1998 wani wel mai tsawon ƙafa 46 ya mutu a gaɓar gabashin tsibirin. Aka feɗe shi, aka tsaftace ƙasusuwan, yau ƙwarangwal ɗin na rataye a zauren da aka buɗe bayan faɗaɗa gidan a 2005, ƙarƙashinsa ga ɗan kwalekwalen da mutum shida ke shiga su tunkari irinsa. Shi ke jawo masu sayen tikiti. Tikiti, kuɗin zama mamba, bukukuwan tara gudummawa da kyautar attajirai masu gidajen hutu, su ke biyan kafintan da ke sauya falankan kurkuku.

Doka ta tsare fuska

Ko ƙungiyar ta kai ina, 'yan gine-gine ƙalilan ta mallaka cikin ɗaruruwa. Sauran na mutane ne. Don su aka yi dokar 1955, wadda ta kafa hukumar unguwannin tarihi, ɗaya daga cikin na farko-farko a Amurka, a farkon shekarun 1970 kuma aka shimfiɗa ta kan tsibirin baki ɗaya. Hukumar ta gari ce, ba reshen ƙungiyar ba. Ba ka sauya taga, ko fentin ƙofa, ko shinge, sai ka kai zane ta amince. A 1966 gwamnatin tarayya ta sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Dokar ta yi aiki, har ta yi fiye da yadda aka zata. Garin ya zama abin sha'awa, masu kuɗin New York da Boston suka yo ca. Mazauna na dindindin 14,255 ne a ƙidayar 2020, da zafi kuwa adadin kan ninka sau da yawa. Matsakaicin farashin gida ya haura dala miliyan 2. Malamin makaranta da ma'aikacin jinya, har da kafintan da ke gyaran tsofaffin gidajen, da yawansu ba su iya zama a garin. Wasu kullum a jirgi suke zuwa su koma.

Ga kuma ramin da ke cikin dokar: abin da ake gani daga titi kaɗai ta tsare. Wanda ya biya miliyoyi ya sayi gidan 1790 ba ya son matsattsen matakala da ɗakuna kamar akurki. Sai a ɗaga gidan a kan ƙarafa, a haƙa ƙasa a zuba sabon ɗaki a ƙarƙashi, a fasa murhun tsakiya, a ɓamɓare faffaɗan katakon daɓe da yaɓen bango, a zuba a motar shara. In an gama, daga waje gidan 1790 ne, falankai toka-toka, fenti daidai ƙa'ida. Daga ciki otal ne. Fanko ke nan, kamar na ashana. Gobarar 1846 ta bar sulusi biyu na garin. Wannan ɓarnar ba ta da hayaƙi, kuma da lasisi ake yinta.

Saboda haka aka kafa wata ƙungiyar daban a 1997, Nantucket Preservation Trust, da taken da ma'anarsa ita ce cikin kifi ake farkewa, ba cikin gida ba. A 2000 babbar ƙungiyar adana wuraren tarihi ta Amurka ta sa Nantucket cikin wurare 11 da suka fi shiga haɗari a ƙasar, ba don talauci ba, don yawan gini da rarake gidaje. Makamin sabuwar ƙungiyar yarjejeniya ce da mai gida ke sa wa hannu da son ransa, a liƙa ta a takardar gidan: murhu, matakala da daɓe ba za a taɓa su ba, ko a hannun wa gidan ya faɗa nan gaba. Tana aiki, amma gida ɗaya-ɗaya, kuma sai mai gida ya yarda ya rage wa kadararsa masu taya.

Wanda aka manta

A kudancin garin akwai unguwar da ake kira New Guinea, inda baƙaƙen fata suka zauna. Jiragen farauta ba su tafiya sai da su. Cikinsu har da Absalom Boston, wanda a 1822 ya ja jirgin Industry da ma'aikata baƙar fata zalla. Wajen 1827 suka gina ɗakin taronsu, shi ne coci, shi ne makaranta. Daga nan Eunice Ross ta fito ta ci jarrabawar shiga babbar makarantar garin a 1840 aka hana ta kujera saboda launinta, rigimar da ta kai har majalisar jiha.

A shekarun da ake tara kuɗin gyara gidan Coffin, wannan ɗakin gareji da sito ya koma. Wadda ta hana shi salwanta wata baƙar fata ce, Florence Higginbotham, mai aikin girki da kula da gida, da ta saye shi a 1933 ta riƙe har ƙarshen ranta. A 1989 ya koma hannun gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Boston, aka gyara, aka buɗe a 1999. Su kuwa Wampanoag, annobar 1763 ta kashe 222 cikin 358 da suka rage, kuma babu ginin da suka bari da za a yanka wa tikiti, sai maƙabarta da sunayen wurare. Ƙungiyar tarihin ta gyara tafiyarta a 'yan shekarun nan, tana ba da labarin waɗannan al'ummomi da na 'yan ci-rani daga tsibiran Cape Verde da Azores a nune-nunenta. Amma jerin gine-ginen da ta gada hoton waɗanda ke da abin bayarwa ne a lokacin da ake bayarwa.

Yanzu kuma ga teku. Gaɓar gabas na zaizayewa, har a 2007 sai da wata ƙungiyar unguwa ta ɗora hasumiyar fitilar Sankaty, mai yi wa jirage jagora tun 1850, a kan ƙarafa, aka ja ta baya kimanin ƙafa 400 daga bakin gangare. Tsohon gilashin fitilar tun 1950 aka cire shi aka kai gidan tarihin titin Broad. Titin Easy, wanda ruwa ke hawa duk lokacin da teku ta cika ta haɗu da iska, taku kaɗan ne daga ƙofar gidan.